Goyon da Muka Je Nema Masar

Abu na farko da birnin Alƙahira ya yi mini shi ne dariya. A filin jirgi na tsaya gaban wani ma'aikaci, na gyara murya, na jero masa Larabcin da na sha bulala a kansa a zauren mahaifina a Shinkafi, ina roƙon a ba mu keken marasa lafiya don matata. Mutumin ya saurare ni har na dire, sannan ya yafito abokin aikinsa ya ce in maimaita. Na maimaita. Suka tuntsire da dariya, ɗayan ya ɗaga hannu ya ce, "Sadaƙallahul azim." Ni da nake koyar da Larabci a Ƙauran Namoda, ni da abokai ke zuga in nemi kujera a sababbin ofisoshin da Shari'a ta buɗe a Gusau, ga ni ana mini kallon wanda ya faɗo daga cikin tsohon littafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma keken ya zo.

Matata Luba 'yar Gurbin Bore ce ta ƙasar Zurmi. Ciwon ya same ta bayan haihuwarta ta fari, lokacin da ta je wankan jego wurin mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna. Da farko tafin ƙafarta ne ya riƙa yi mata kamar tururuwa na bi, sai idon hagu ya dushe, sai ƙafar dama ta fara ja. Wata safiya ta miƙe da jaririyar a bayanta, gwiwa ta sake, ta zube ƙasa. Allah ya tsare yarinyar, amma daga ranar Inna ta kwance goyon ta mayar da shi bayanta.

A wurin Inna ciwon ba shi da wani suna sai sanyi. Mai jego ce, sanyi ya shige ta, wankan bai kama ta ba. Don haka ta ƙara wuta. Arba'in ya wuce, tukunya ba ta sauka daga murhu ba. Safe da yamma Inna na tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa tana fyaɗa wa 'yarta, da dare ta tura kaskon garwashi ƙarƙashin gado. Awakinta ta sayar ta sayi itace, hannuwanta duk suka sale. In Luba ta fito wanka ba ta gani sosai, ƙafafun sun mutu murus, sai a ce ai ciwon ne ke fita. Ni ma haka na ce, don haka na taso na ji.

Ranar da za mu tafi, Inna ta ba ni saƙo ta bayan zana, tunda ni da surukata ba ma haɗa ido. Ta ce ko hannu kada in bari Luba ta wanke da ruwan sanyi. Ita kuwa Luba, kunyar 'yar fari ba ta barinta ta ambaci sunan 'yarmu Safiya, sai dai ta ce "waccan". A cikin jirgi ta yi magana sau ɗaya, fuskarta na kallon taga.

"Malam, ni ba ni son komi ga Larabawan ga. In dai na tashi da waccan ga bayana, in kai bakin rijiya in dawo, shi ke nan."

Abin da muka je nema ke nan.

Bashari ne ya tare mu a bakin filin jirgin. Ɗalibi ne wai, irin ɗaliban da gemunsu ya fara furfura ba su gama aji ba. Yana jin muna magana ya dafe ƙirji.

"Kai, mutanen gida! Ni ma ɗan Jangeru na. Malam, ka iso hannun ɗan'uwanka, kwantar da hankalinka."

Da mutumin Masar ne ya faɗi haka da na riƙe jakata da kyau. Amma a tsakiyar wannan hayaniya na ji wani ya ce "ƙahwa" ya ce "lahiya" kamar muna tashar Shinkafi, sai jikina ya mutu. Shi ya kama mana ɗaki a bene na uku, gidan da babu na'urar hawa, alhali yana ganin yadda Luba ke jan ƙafa. Shi ya kai mu wani asibitin kuɗi mai sheƙi, inda likitan ƙashi ya matsa bayanta ya ce jijiya ce ta danne. Kullum sai a kwantar da ita a haska mata wata jar fitila mai zafi a baya. Na ji daɗin ganin fitilar, na ce ashe Inna ba ta yi kuskure ba, ga Larabawa ma gashi suke yi. Kullum a kafaɗata nake hawa da ita bene idan mun dawo.

Da guzurinmu ya yi nisa, Bashari ya fara wuyar gani. Daga baya ya ɓace gaba ɗaya. Mai gadin gidan, wani dattijo baƙi daga kudancin ƙasar da ake kira Ammu Sabir, shi ya gaya mini cewa asibitin na ba Bashari kasonsa a kan kowane baƙo da ya kawo. Na zauna a kan matakala na zage shi tas, shi da Jangerun da ya ce ya fito, sannan na nemi gafarar mutanen Jangeru a zuciyata, don ba su yi mini komai ba.

Azumi ya same mu a wannan ɗakin, cikin wani sanyi da ban taɓa sani ba. Da magariba nakan sauka titi inda masu hali ke jera tebura don buɗa-bakin matafiya da talakawa, in zauna tsakanin masu shara da 'yan dako, in ci, in ƙunso wa Luba nata. Ɗan gidan malamai, wanda a ƙofar gidansu ake raba abinci. Wake da burodi, burodi da wake, har na fara mafarkin tuwon dawa da miyar kuka. Ranar Alhamis ce ta fi yi mini wuya, don ranar kasuwar Shinkafi ce, sai in riƙa jin kukan shanu da ƙarar manyan motoci a kunnena. Luba ba ta ambaton gida. Na dai lura duk sa'ad da jaririn maƙwabta ya yi kuka, sai ta kai hannu bayanta.

Wata rana gas ɗin girki ya ƙare, ban samu na tafasa mata ruwa ba. Na fita nema, na dawo na tarar ta gaji da jira ta yi wanka da ruwan famfo, kuma tana tsaye a baranda ba ta riƙe komai ba. Maimakon in tsaya in yi tunani, faɗa na rufe ta da shi, na naɗe ta da barguna, na dafa mata shayi mai citta. Kafin la'asar ƙafar ta koma gidan jiya. Na ce kin gani, sanyin ne ya buge ki.

Ammu Sabir ne ya gaji da ganina ina ɗaukar mace a kafaɗa. Ya bar gadinsa, ya sa mu a mota, ya kai mu wani babban asibitin gwamnati, ya yi ta masifa da masu tsaron ƙofa har aka kai mu gaban likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Aka tura Luba cikin wata doguwar na'ura mai ƙara, ta fito tana salati, ta ce ta leƙa kabarinta. Aka ɗebi ruwa a bayanta. Bayan sallah likitan ya zaunar da mu, ya ɗaga hoton ya nuna mini wasu fararen ɗigo-ɗigo. Ya ce su suna kiran ciwon tasallub, Turawa na ce masa multiple sclerosis. Jijiyoyin jiki suna da rufi kamar robar wayar lantarki, jikin Luba ne da kansa yake cinye rufin. Yakan lafa, yakan tashi, kuma ya fi son tashi bayan haihuwa.

Na ce, "To, mene ne maganinsa?"

Ya ce, "Akwai abin da ke rage tashinsa. Wanda ke warkar da shi, ba a samo ba tukuna."

Luba ta ja hannun rigata. "Mi yac ce?"

Duk Larabcina da Hausata, na rasa kalma. Na ce ya ce a yi haƙuri. Ta gyaɗa kai, don ta san abin da ake nufi in likita ya ce a yi haƙuri.

Likitan ne ya tura mu wata ƙungiyar agaji ta masu wannan ciwo. A ƙasan wani tsohon gini suke, ɗakuna kaɗan, fanka na juyawa duk da sanyin da ake yi. Masu ciwon da danginsu ne suka kafa ta. Suna bin masu hali da masallatai da coci-coci suna tara taimako, matansu na saƙa suna sayarwa. Da abin da aka tara ake saya wa marasa ƙarfi allura, a ba da sanduna da kekuna, a biya mai koyar da motsa jiki, sannan a ware wani kaso ga matasan likitocin da ke binciken ciwon. Wadda ke riƙe da wurin, Madam Su'ad, tsohuwar malamar makaranta ce a kan keke, mai kaifin baki. Ita kaɗai ce a Masar ta amsa mini da irin Larabcina ba ta yi dariya ba.

Tana ganin Luba cikin riguna da bargo, gumi na tsattsafo mata, ta ce, "Wa ya naɗe wannan baiwar Allah haka?"

Na ce ni ne. Na shiga yi mata bayanin wankan jego har da alfahari, tukunya da ganye da garwashi, wata da watanni, da jar fitilar asibitin Bashari. Ina magana fuskarta na sauyawa. Ta sa aka cire bargon, aka kawo kwano da ruwan ƙanƙara, aka tsoma hannuwan Luba da ƙafafunta. Na yunƙura zan hana, ta daka mini tsawa kamar ɗan aji ɗaya, na koma na zauna. Can an jima Luba ta rufe idon dama, ta dubi bango da na hagun.

"Malam, ina ganin agogon can. Har allurarshi nika gani."

Madam Su'ad ta ce, "Ka fassara mata daidai. Zafi ba shi ya kawo ciwon ba. Amma duk lokacin da jikinta ya ɗumama, jijiyoyin da suka rage suna aiki sai su yi shiru, har sai ta huce. Mu nan ko shayi sai ya sha iska muke sha."

Na fassara. Luba ta daɗe tana kallon ruwan da ke cikin kwanon. A hanyar komawa, cikin motar haya, ta kama hannuna a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Inna ba za ta ji wagga magana ba. Ka yi mani alkawari, Malam. Ka ga hannuwanta."

Na yi mata alkawari.

Watannin da suka biyo baya su ne kawai masu ɗan haske a tafiyar. Ƙungiyar ta sa Luba cikin masu karɓar allura, ta samo mana ɗaki a ƙasa. Mai koyar da motsa jiki takan tambayi kowa abu ɗaya da yake so ya iya yi. Wani ya ce sa maɓallin riga, wata ta ce hawa motar haya. Luba ta sunkuyar da kai, ni na faɗa a madadinta. Matar ba ta san goyo ba, sai da Luba ta kwance gyalenta ta nuna mata da matashin kai. Washegari aka kawo ƙaramin buhun shinkafa. Luba ta goya shi, ta ɗaure da zane da majanyi, ta riƙa takawa daga wannan bango zuwa wancan, masu kekuna na yi mata tafi. Ranar da ta je ta dawo ba ta dafa komai ba, na fita waje na yi kuka a jikin motar wani.

Wata rana matasan likitocin da ƙungiyar ke tallafa wa suka zo. Suka ce ba safai suke ganin ciwon a jikin mutanen ƙasashenmu ba, suna roƙon ta ba su jini, in ta yarda. Luba ta ce in tambaye su ko zai warkar da ita. Babbarsu ta ce a'a, ba za ta yi mata ƙarya ba, wataƙila dai ya amfani na baya. Luba ta ce, "Waccan ta sha nonona. Tambaye su." Suka ce ba a shansa a nono, kuma mafi yawan 'ya'yan masu ciwon ba sa samunsa. Ta miƙa hannu. "Su ɗiba. In don na baya na, su ɗiba da yawa."

Amma allurar ba a tafiya da ita gida. Sai a firij take zama, sai mai ciwon ya zo da kansa a duba jininsa, kuma abin da ƙungiyar ke tarawa ko mutanen unguwarsu bai isa ba. Madam Su'ad ta ce in za mu zauna, za ta riƙe sunan Luba ko da faɗa ne. To mu zauna da me? Izinin zamanmu ya ƙare, guzuri ya ƙare, hutun da aka ba ni a makaranta ya daɗe da ƙarewa. Kuma Luba ta riga ta yanke. Ta ce ita ba ta zo Masar don ta goyi shinkafa ba.

Suka ba mu ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, da wata riga mai aljihuna da ake cusa wa ƙanƙara. Madam Su'ad ta riƙe hannun Luba ta ce mini, "In kun je, ka nema mata wuri mai sanyi." Na yi dariya, irin wadda ba ta daɗi ba. Ta ce me ya faru? Na ce bazara za mu tarar. Na yi ƙoƙarin kwatanta mata Ƙauran Namoda a bazara, da wutar lantarkin da ke zuwa kamar baƙo, da Gurbin Bore inda ba ta taɓa zuwa ba. Ta saki hannun, ta juya kekenta ta fuskanci bango. Ammu Sabir ya raka mu har mota da ƙunshin dabino.

Ƙanƙarar da na saya a Kano ta zama ruwan ɗumi kafin mu kai Funtuwa. A Gusau idon ya dushe. A tashar Ƙaura na yi ta zagaye ina neman ƙanƙara, masu shaguna suka ce rabonsu da wuta an kwana biyu. Daga Zurmi zuwa Gurbin Bore a bayan a-kori-kura muka yi shi, rana na dukan ƙarfe. Da muka isa, Luba ba ta iya ko motsa yatsan ƙafa. A hannu na shiga da ita gidan.

Safiya na tafiya da ƙafarta. Ta dubi matar da aka ajiye a tabarma, ta ruga ta ɓuya bayan Inna. Na koma zaure kamar yadda ya kamaci suruki, kuma daga can na jiyo ƙamshin darbejiya da hayaƙi. Tun da aka aiko cewa muna hanya Inna ta ɗora tukunya.

"Kun gani ko?" Muryar Inna ce, tana yi da matan gida amma ni take nufi. "Nic ce kada a bari sanyi ya taɓa ta. Da sanda tat tahi, ga shi an ɗauko ta awa buhu. Tashi, ɗiyata, ruwa ya tahwasa."

"Inna, a surka mani."

"Surki? Wankan jinya da surki? Ke dai cire rigar."

Na ji an ɗaga murfin tukunya. Na ji Luba ta yi shiru, shirun wadda ta yarda. Na tuna alkawarin, na tuna buhun shinkafa. Ban san lokacin da na tashi na tsallake zanar da ban taɓa wucewa ba. Na durƙusa, kaina a ƙasa.

"Gahwara, Inna. Ruwan ga shi ka kashe mata ƙahwa. Zahi na ba ta so. An gwada, da idona nig gani."

Inna ba ta dube ni ba, 'yarta ta duba.

"Gaskiya na, ke?"

"Ba ke kinka sa mani ciwon ba, Inna. Wallahi ba ke ba ta."

"Ba shi nit tambaye ki ba."

Luba ta fashe da kuka. Inna ta ajiye ganyen. Ta tsuguna gaban murhu, ta riƙa zaro itacen ɗaya bayan ɗaya tana murje wutar a ƙasa, da hannuwan nan nata masu tabo. Da ta gama ta shiga ɗaki. Ranar ba ta ci abinci ba, Luba kuma ba ta yi mini magana ba.

Da asuba, lokacin da gari ya ɗan yi sanyi, Inna ta fito da ruwan da ya kwana a randa. Ita da kanta ta wanke 'yarta da shi. Sannan ta ɗauko Safiya tana barci, ta kwantar mata a baya. Luba ta ja zane ta ɗaure, ta ɗaura majanyi, hannunta bai manta ba. Na kawo ƙarfen dogarawa na ajiye a gabanta. Ta kama, ta yunƙura, ta taso rabi, ƙafar dama na karkarwa, ta koma. Ta huta ta sake. Ta sake. Rijiyar na nan bayan danga, muna jin gugar maƙwabta na bugun ruwa. Rana ta fara leƙowa ta kan rumbu.

Sai ta saki ƙarfen. Ta zauna a kan tabarmar tana jijjiga yarinyar, ta kai hannu baya ta dafa ta, ta ce a hankali, "Safiya." Ranar na fara jin sunan a bakinta, a gaban uwarta, kuma babu wanda ya ce mata ta yi rashin kunya.

Kowace asuba haka suka riƙa yi har damina ta wuce. Daga nan Safiya ta yi wayo, ta daina yarda a goya ta a zaune. Luba ba ta kai bakin rijiyar ba.